Littafin aikin mahaƙa: jemagu da cutar farin hanci, Agusta 2023 zuwa Afrilu 2024

Wurin aikin tsohuwar mahaƙar ƙarfe ce a tsaunukan Adirondack, arewacin jihar New York a Amurka. Da gangan aka ɓoye sunanta, domin masu yawon leƙe-leƙe na daga cikin matsalar. Bakin ramin faɗinsa mita 3.4, tsayinsa mita 2.3. Hanya ta gangara kimanin mita 45 zuwa wata mararraba, daga nan reshe ɗaya ya ci gaba da nutsawa, shi muke kira Ɗakin Ƙasa, ɗayan kuma ya haura sama ya toshe, shi ne Ɗakin Sama. Aikin bana uku ne: a sa ƙofar ƙarfe, a auna sanyin kowane ɗaki tsawon hunturu, a shiga sau ɗaya tak a ƙirga jemagu a ɗauki samfuri.

12 Agusta 2023

Awo da zane. Jemagun da ake magana ƙanana ne masu cin ƙwari, irin waɗanda Bahaushe zai kira birbiri, ba manyan nan na kan bishiya ba. Mafi yawa a wannan rami shi ne Myotis lucifugus, a nan za a riƙa rubuta shi ƙaramin jemage. Nauyinsa bai cika wuce giram 10 ba ko da ya yi ƙiba. Idan sanyi ya kawar da ƙwari sai ya shiga rami ya rataye, zafin jikinsa ya sauka daidai da na dutsen, ya rayu da kitsen da ya tara har wata shida ko fiye.

A wannan barcin ne fumfunar da ke haddasa cutar farin hanci take kama shi. Sunanta Pseudogymnoascus destructans, ana taƙaita shi Pd. An fara ɗaukar hoton jemagu masu farin hanci a watan Fabrairu 2006 a kogon Howes kusa da Albany, cikin wannan jihar. A 2012 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta ƙiyasta jemagu miliyan 5.7 zuwa 6.7 sun mutu. Farin da ke kan hanci shi ya ba cutar suna, amma ainihin ɓarnar a fiffike take. Fumfunar tana cin fatar fiffiken, ruwan jiki da gishirinsa suna zuba, jemagen yana yawan farkawa. Lafiyayye kan yi mako biyu zuwa uku kafin ya farka. Mai cutar kusan ninki biyu yake farkawa. Kowace farkawa tana cin kitse wajen miligiram 100, abin da zai ishe shi kusan wata biyu yana barci. Shi ya sa ƙofar ta zo farko a jerin aiki. Mutum ɗaya da tocila a watan Janairu zai iya tayar da rami guda.

19 zuwa 21 Agusta

An kafa ƙofar. Dole a gama kafin jemagu su fara cincirindo a bakin rami da daddare.

Tsarin shi ne wanda aka saba da shi a kogunan Amurka: sanduna a kwance na ƙarfe mai kusurwa, inci 4, kaurinsa kashi uku cikin takwas na inci, kusurwar tana kallon sama kamar jinka. Tazara tsakanin sanda da sanda santimita 14.6. Ba a ƙara, ba a ragewa. In ta yi ƙasa jemage ya ƙi bi, in ta wuce yaro ya iya kurɗawa. Sanduna goma suka cika bakin, kowace ɗaya wajen kilo 50, kuma a kafaɗa aka hau da su daga inda mota ta tsaya. Sanda ta uku daga ƙasa ana zare ta, da kwaɗo a ɓoye cikin akwatin ƙarfe.

Matsala biyu. Dutsen bangon hagu ruɓaɓɓe ne, ramukan farko da aka huda santimita 20 suka farfashe da aka buga turaku. Aka koma baya rabin mita inda dutsen yake da ƙwari, aka huda santimita 35. Wannan ya ci rabin yini. Ta biyu, mai walda ya auna tazarar sanduna biyu na sama daga gefen da bai kamata ba, ta fito santimita 17. An yanke an sake. Maganin abin da ya kamata a yi tun farko: a yanka katako biyu daidai 14.6, a ɗora su tsakanin sanduna kafin a ɗiga walda.

Ƙasan bakin ba daidai yake ba, sai aka zuba dakalin kankare mai tsayin santimita 25 don kada a tona ta ƙarƙashi.

Kuɗi: ƙarfe dala 2,150, turaku da sandunan walda 310, mai walda kwana uku 1,800, hayar janareta da injin huda dutse 420. Jimla dala 4,680.

26 Agusta

An rataye na'urorin auna zafi da danshi guda shida, ƙanana kamar maɓalli: biyu a Ɗakin Ƙasa, biyu a Ɗakin Sama, ɗaya a mararraba, ɗaya a zaure bayan ƙofa. Kowace tana rubuta awo bayan sa'a uku. An san irin waɗannan na'urori suna fitar da ƙara siririya da kunnen mutum ba ya ji amma na jemage yana ji, don haka an nisanta su aƙalla mita biyu daga wuraren da kashin jemagu da baƙin maiƙo a rufi suka nuna nan suke taruwa.

Waɗannan shida sai an shiga za a karanta su. Saboda haka aka ƙara ta bakwai mai doguwar waya: kanta a mararraba, santimita 30 daga ƙasa, akwatinta a jikin ƙofa, ana karantawa daga waje.

Kuɗi: shida a kan dala 140, wato 840; mai waya 260.

9 Satumba

Gwajin ko jemagu sun karɓi ƙofar. An sa AudioMoth biyu, wato ƙananan na'urorin naɗar sauti, ɗaya ciki ɗaya waje. An saita su a kan kilohaz 250, domin kukan ƙaramin jemage yana sauka ne wajen kilohaz 40 amma yana farawa sama da haka sosai. Ba a yi lissafin wuri ba. A wannan saiti na'urar tana cin kusan gigabait 1.8 a sa'a, daren sa'a goma gigabait 18 ke nan, katin ajiya mai gigabait 32 ya cika kafin dare na biyu ya ƙare. Mako guda aka bar su, ko dare biyu cikakku ba a samu ba. An sake saiti: minti ɗaya a kowane minti biyar, da katin 128.

Abin da aka gani da kyamarar dare ya fi amfani. Suna kewaya gaban ƙofar sau biyu ko uku sannan su ratsa, yawanci ta tazara uku na sama. Ba a ga wanda ya sauka kan sanda yana rarrafe ba, wanda shi ne alamar ƙofa ta yi musu cikas, kuma nan ne mage ko mujiya ke samun nasu.

Kuɗi: na'urori biyu da gidajensu dala 260, kati 30.

30 Satumba

Gwajin wanke kaya, tun babu matsi. Ƙa'idar Amurka ta ce duk abin da zai iya shiga ruwa a nutsa shi cikin ruwa mai zafin digiri 55 ko fiye, minti biyar ba yankewa, bayan an kankare laka. Lakar ce kan gaba: Pd tana zama cikin ƙasar rami shekaru ko babu jemage, kuma laka tana kare ta daga zafi da sinadari. Ana kyautata zaton da kayan mutane ta ƙetaro daga Turai, inda jemagu ke ɗauke da ita ba sa mutuwa da yawa. A 2016 kuma ta ɓulla a jihar Washington, can gaɓar yamma, nesa ƙwarai da inda aka san ta a lokacin.

An dafa lita 40 zuwa digiri 58, aka zuba a baho, aka tsoma takalman roba ƙafa huɗu da hulunan kwano. Cikin minti ɗaya ma'auni ya nuna 49. Wato da ranar aiki ce, da an yi wankan banza. Gyara: a fara da digiri 70, a yi a cikin babbar kula mai murfi ba buɗaɗɗen baho ba, a sa kaya kaɗan-kaɗan, a ɗora dutse don takalmi kada ya taso, kuma agogo ba ya farawa sai ma'aunin da ke tsakiyar kayan ya tsaya sama da 55. A gwaji na biyu ya tsaya a 61.

Kyamara, tocila da ma'auni ba sa shiga ruwa. Su sifirit ne, mai ƙarfin kashi 70.

14 Oktoba

An rufe. Daga yau babu mai shiga sai ranar ƙidaya. Mararraba digiri 8.2.

4 Nuwamba

Tocilar hasken UV, hasken da ake haska fiffike da shi don a ga raunukan cutar, da aka saya ba ta yi ba. A jikinta an rubuta nanomita 395, wato awon zangon haskenta. Gwajin fiffike yana bukatar tsakanin 366 da 385. A wannan hasken raunukan da Pd ta ci suna fitowa ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo, saboda sinadarin ribofilabin da fumfunar ke tarawa a wurin. Ta 395 tana zubo shuɗin haske mai yawa da ido ke gani, ya rufe ɗigon. An mayar da ita, an sayi ta 375, dala 85. Da tabarau na kare ido guda uku, dala 36.

Duk mutum ukun da za su shiga an duba jininsu, rigakafin ciwon haukan kare yana nan da ƙarfinsa. Wanda bai da wannan ba ya taɓa jemage.

25 Nuwamba

Mararraba 6.0. Yana sauka yadda ake so.

9 Disamba

Mararraba 4.7. Kwaɗo lafiya. Sawun mutum biyu a dusar ƙanƙara har gaban ƙofa, sun juya.

20 Disamba

Ruwan sama mai yawa ya sauka a yankin kwana biyu da suka wuce, kan dusar ƙanƙara, rafuka suka cika. Hanyar hawa ta zaizaye, ba a kai ga ramin ba.

6 Janairu 2024

Mararraba 6.3. A wannan lokaci kamata ya yi a ce tana wajen 3 zuwa 4. Na'urar ta nuna hawan ya fara ne daidai daren ruwan, kuma bai sauko ba ko a dararen da waje ya kai digiri 10 ƙasa da sifili.

Zargin farko na'urar ce, ko ruwa ya shiga wayar. Amma layin awon santsi yake, ba tsalle-tsalle irin na waya mai jiƙa. Zargi na biyu ɗumin hunturun bana, wanda gaskiya ne yana da ɗumi, sai dai ɗumin waje ba ya hana rami amsa dare mai sanyi. Da aka share dusar gaban ƙofa sai ga dalilin. Ruwa ya kwaso ganye, tsakuwa da rassa ya jibge su a jikin dakalin kankare, suka toshe tazara biyu na ƙasa, sanyi ya daskarar da su suka zama bango. Daga ƙasa zuwa saman tarin santimita 65.

Rami mai gangara irin wannan da ƙasa yake shaƙar sanyi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana kwarara ta ƙasan baki kamar ruwa a kwata, ta gangara ta taru a Ɗakin Ƙasa, mai ɗumi kuma ta fita ta saman baki. An gwada da hayaƙin turare: a saman ƙofa hayaƙin yana fitowa waje a hankali, a ƙasa kuwa ya tsaya cik a gaban tarin. An datse kwatar ke nan.

Ba sabon kuskure ba ne. A kogon Wyandotte na jihar Indiyana an taɓa gina bangon dutse a baki, ciki ya yi ɗumi, jemagu suka riƙa ramewa, sai da aka rushe shi. Wancan tun kafin Pd ne. Yanzu abin ya fi muni, domin fumfunar ta fi girma tsakanin digiri 12 da 16, tana tsayawa in an kusa 20, kuma duk digirin da aka sauko daga 10 zuwa ƙasa yana rage mata sauri. Rami mai digiri 3 da mai digiri 7 ba ɗaya ba ne a wurinta. Ga shi kuma jemage a wuri mai ɗumi ya fi saurin ƙona kitse ko ba cuta.

An fasa tarin da diga da hannu, daga waje, ba injin, ba magana da ƙarfi. Sa'a uku. An kwashe wajen baro tara an zubar can gangare. Ba a taɓa dakalin ba, fasa kankare a watan Janairu zai girgiza ramin duka.

13 Janairu

Mararraba 4.4. Hayaƙi yana shiga ta ƙasa da gudu.

Dakalin kuskure ne tun daga zane. Ko babu tarin ganye, santimita 25 na kankare yana tare iskar da ta fi kowace sanyi. Abin da ya dace shi ne sandar ƙarfe kwance a ƙasa, a kafe ta da turaku cikin dutse, da ragar ƙarfe shimfiɗe a gaba don hana tono. Za a fasa shi a Yuni. Kafin nan, duk zuwa sai an share gabansa.

27 Janairu

Mararraba 3.5.

10 Fabrairu

Da tsakar rana, waje digiri 2, an ga jemage ɗaya ya fito ya yi shawagi a kan dusar ƙanƙara ya koma. Wannan na daga alamun cutar: yunwa da ƙishirwa suna fito da su neman ƙwarin da babu. A gindin ƙofa gawa huɗu, duka ƙaramin jemage. Biyu sun bushe, biyu sababbi. Wataƙila sun fi haka, hankaki da dabbobin dare ba sa barin gawa ta kwana.

Sababbin biyu an ɗauka da safar hannu, kowace a leda biyu, da kwanan wata da wurin. An sa su cikin kula mai ƙanƙara, ba a daskarar ba, domin za su tafi washegari kuma daskarewa tana ɓata fatar da za a yanka a duba. Nauyinsu giram 5.1 da 5.4. Fiffiken ɗaya yana manne kamar takardar da ta jiƙa ta bushe.

Kuɗin aikawa cikin dare ɗaya dala 78.

24 Fabrairu

Haɗa kaya. An zaɓi farkon Maris domin a ƙarshen barci ne fumfunar ta fi yawa a jiki, samfuri ba ya ɓuya. Rigunan kariya na Tyvek uku da na ajiya biyu, takunkumi N95, safar hannu kwali biyu, tsinken auduga 60 kowanne a kubensa, kwalabe 60 da aka riga aka rubuta wa lamba a gida da alƙalamin da sifirit ba ya gogewa, jakunkunan takarda 15, sikeli mai awon kashi ɗaya cikin goma na giram, da na'urar auna iska. Iskar waje tana da iskar shaƙa kashi 20.9; in na'ura ta yi ƙara a 19.5 kowa ya fita, ba shawara. Tsohuwar mahaƙa ba kogo ba ce, katakon da ya tokare rufinta ya girmi duk wanda zai shiga.

Kuɗi: dala 340 gaba ɗaya.

2 Maris

Ranar shiga. An zare sanda ƙarfe 10:10, an mayar 11:55. An yi niyyar minti 90, an wuce da 15.

An fara da ƙidaya kafin taɓa komai, da jan haske, ana ɗaukar hoton kowane gungu don a ƙirga kawuna a kwamfuta. Ƙirgar ido a gungu mai cunkoso kullum tana yin ƙasa. Ƙaramin jemage 388: Ɗakin Ƙasa 301, Ɗakin Sama 87. Babban jemage mai ruwan ƙasa, Eptesicus fuscus, 34, kusan duka a zaure inda ya fi sanyi da bushewa. Wannan dama cutar ba ta cika kayar da shi ba. Sauran nau'o'in: mai ƙananan ƙafafu 5, cikin tsagogi. Mai launi uku guda 2, kowanne shi kaɗai, raɓa ta lulluɓe su. Mai dogon kunne na arewa, Myotis septentrionalis, babu ko ɗaya. An duba ramukan da injin haƙa ya bari a bango, inda ya saba cusa kansa, wayam. Wannan nau'in ne aka mayar cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a Amurka a Maris 2023. Ramin nan a da dubban jemagu yake ɗauka.

Farin fumfuna da ido ke gani: 9 cikin 301 a ƙasa, 31 cikin 87 a sama. Ba a dogara da wannan sosai, jemagen da ya farka kwanan nan ya lashe nasa.

Samfuri daga jemagu 25, 15 a ƙasa, 10 a sama. Yadda ake yi: a tsoma tsinken auduga a ruwa mai tsabta, a mirgina sau biyar a kan dogon ƙashin gaban fiffike, sau biyar a kan hanci, a karya kan a cikin kwalba. Mirginawa, ba gogewa ba. Jemagen yana rataye a wurinsa. Sabuwar safa ga kowane jemage. Aka ƙara samfurin bango goma, da kwalabe biyu na shaida: tsinke a buɗe shi a iska, a rufe bai taɓa komai ba.

Goma daga cikin 25 aka sauko da su don awo da UV, biyar daga kowane ɗaki, kowanne ƙasa da minti biyu a hannu. Na ƙasa giram 6.6 zuwa 7.3, ɗigon ruwan lemo kaɗan, ɗaya ma babu. Na sama 5.7 zuwa 6.5, uku daga cikinsu fiffiken kamar an watsa garin barkono. Hoton UV ya ba da wahala: hannu yana rawa, hoto huɗu sun yi dishi-dishi. A gaba sai da ƙafar kyamara da baƙin allo.

Inda lokaci ya tafi: safar hannu. Hannu mai gumi a sanyi ba ya karɓar sabuwar safa. Dabara ita ce a sa guda ɗaya ta zauna, a riƙa canza ta biyu a kanta. An gano haka ne a jemage na takwas.

AudioMoth na zaure ya nuna shawagi ya ƙaru bayan fitarmu, ya kai ƙololuwa wajen sa'a huɗu, bai lafa ba sai dare. Wanda aka taɓa yana farkawa, ya tashi, ya faɗa cikin gungu ya tayar da wasu. Kuɗin ƙidaya ke nan, kuma jemagu ne suke biya. Shiga biyu a hunturu ɗaya ba ta da hujja a rami mai jemagu ƙasa da 500.

3 Maris

Wanke kaya, ruwa ya tsaya a 60. Riguna da safa an ƙulle a leda biyu tun a bakin rami.

An sauke awon na'urori shida. Ɗaya ta Ɗakin Sama ta mutu tun Nuwamba, ruwa ya shiga. Daga Disamba zuwa Fabrairu matsakaicin Ɗakin Ƙasa digiri 3.4, Ɗakin Sama 7.6. Toshewar Disamba ta fito ƙarara: Ɗakin Ƙasa ya hau daga 3.6 zuwa 5.2 cikin kwana 19, ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya koma. Ɗakin Sama ko gezau, shi dama tarkon iska mai ɗumi ne.

Awon danshi kuwa ba shi da amfani. Huɗu daga cikin biyar sun manne a kashi 100 tun Oktoba, wasu har suna nuna sama da 100. Da zarar raɓa ta kwanta a kan idon na'urar shi ke nan. Asara ce ta gaske, domin danshi yana da hannu a girman fumfunar da kuma ƙishirwar jemage. A shekara mai zuwa za a gwada ma'auni biyu a jere, ɗaya busasshe ɗaya da jiƙaƙƙen lagwani, a fitar da danshi daga bambancinsu.

29 Maris

Sakamako ya dawo. Gawa biyun nan an tabbatar da cutar a jikinsu: an yanka fatar fiffike, an rina, an ga zaren fumfuna cike da ƙananan ramuka masu siffar ƙoƙo. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da cuta. Gwajin tsinken auduga yana nuna akwai Pd ne kawai, da yawanta.

Injin gwajin yana ninka ƙwayar halittar fumfunar zagaye bayan zagaye, lambar da ake bayarwa ita ce zagayen da aka fara ganinta. Ƙaramar lamba, fumfuna mai yawa. Bambancin zagaye 3.3 ninki goma ne. Daga 37 zuwa ƙasa akwai; tsakanin 37 da 40 ba a yanke hukunci. Duka 25 sun nuna akwai. Na ƙasa 27 zuwa 33, na sama 21 zuwa 27. Bango bakwai cikin goma akwai.

Sai kwalbar shaida ta biyu ta fito da 36. Bai kamata ta nuna komai ba. An bi takardar aiki: an buɗe ta a Ɗakin Sama, bayan jemage na 22, kuma mai riƙe kwalabe shi ne ya karɓi jakar takardar jemagen da aka auna kafin nan. Safarsa ce ta kai. Iskar ɗakin ma tana iya ɗauke da ƙwayoyin, amma safar ta fi kama da mai laifi, tunda shaidar Ɗakin Ƙasa ta fito fes.

Me wannan ya ɓata? Lambobin jemagun Ɗakin Sama, zagaye 21 zuwa 27, suna nuna fumfunar da ta fi ta zagaye 36 da ninki ɗaruruwa zuwa dubbai, ɗan gurɓatar nan ba ta motsa su. Samfurin bango ne abin ya shafa: uku na Ɗakin Sama da aka ɗauka bayan wannan lokaci sun fito 35, 36 da 36, ba za a iya raba su da gurɓata ba. An soke su. Sabuwar doka: mai kwalba ba ya taɓa jemage, ba ya taɓa jaka, ba ya taɓa bango. Kwalbar shaida ɗaya bayan kowane samfuri biyar.

Kuɗin gwaji hukumar jiha ta ɗauka. Abin da aka kashe daga Agusta zuwa yau dala 6,609.

13 Afrilu

Mararraba 4.1. An fara jin fita da magariba a na'urar waje. Matan ne ke riga fita, su nufi wuraren haihuwa. Wanda ya kai wannan lokaci da rai, in ya sami ƙwari da ɗumi, fiffikensa kan warke cikin makonni.

An tattauna ko a toshe Ɗakin Sama da raga don a tilasta musu sauka ƙasa. Hujjar tana da ƙarfi: ya fi ɗumi da digiri 4, fumfuna ta fi yawa, jemagunsa sun fi rama, kuma an ga irin haka a wasu mahaƙu, jemagu suna ci gaba da zaɓar wuri mai ɗumi da ya zame musu tarko. A Pensilbaniya ma hukuma ta gyara bakin wasu ramuka don su ƙara sanyi. Amma jemagu goma aka auna, a hunturu ɗaya, wanda kuma ƙofarmu ta dagula shi na mako uku. Ba a san ko ramammun ne suke haurawa sama ba, ko saman ne yake ramar da su. Mai launi uku guda biyun nan ma a can suke, shi ɗumi yake so. Ba za a toshe ba bana.

Aikin da ke gaba: ƙarshen Mayu a ƙirga masu fita dare uku a jere don a tabbatar ramin ya zama fanko. Yuni a fasa dakali, a sa sandar ƙasa da raga, a haƙa ƙaramar kwata mita uku a gaban ƙofa ta karkatar da ruwa gefe; ƙiyasi dala 1,100. A sayi na'ura mai waya ta biyu a kai kanta Ɗakin Ƙasa, waya mita 80. A nemi izinin sa wa jemagu 40 zobe a fiffike a Satumba, a auna nauyinsu, don a ga wanda ya zaɓi wane ɗaki da nawa ya shiga da shi.